Shekarar da Na Ƙi Cire wa Furera Roba

Ranar Talatar da ta wuce, ɗaya daga cikinku ɗaliban da aka turo mana koyon aiki ta tsaya a bayana tana duba agogon wayarta, ina saka wa wata mata robar mahaifa. Da na gama ta ce, "Malama, minti shida kacal! Ashe abin ba wuya." Ban musa mata ba, tunda agogo ba ya ƙarya. Amma na haura shekara ashirin ina aikin tazarar haihuwa tsakanin Haɗeja da ƙauyukan fadamar Auyo, kuma minti shidan nan su ne mafi sauƙi a cikinsa. Tunda kun kusa komawa makaranta, ga sauran.

Wata ukun farko da na yi a hannun Sista Falmata, wadda ta koya mini aikin, ban taɓa jikin mace ko ɗaya ba. Wanki na yi. Sista Babarbariya ce, doguwa, ba ta da yawan magana, kuma ba ta maimaita umarni. Ta jera mini kayan a faranti: ƙarfen buɗe gaba, wanda muke kira bakin agwagwa saboda kamanninsa, dogon hantsaki na riƙe bakin mahaifa, siririn ma'auni mai zane-zane na auna zurfinta, almakashin yanke zare, sai tocila, domin wutar lantarki ba abin dogaro ba ce. A wanke kowanne da buroshi har cikin haƙoransa, a dafa a tukunya a kan risho minti ashirin, kuma daga tafasa ake fara ƙirge, ba daga ɗorawa ba. Wata rana na manta almakashi, na jefa shi cikin tukunyar bayan minti goma. Sista ba ta ko ɗago kai daga rubutun da take yi ba, ta ce, "Ashirin ɗinki ta koma farko." Yanzu kuna da injin turara kaya. Ranar da aka ɗauke wuta, tukunya ce za ta fisshe ku.

Bayan wanki sai gwanda. Sista takan kawo ƙaramar gwanda nunanniya, ta cire mata hanci, ta ce in zura ma'auni in gaya mata zurfin cikin ba tare da na soki naman ba. Da yatsa biyu ake riƙe ma'auni, kamar alƙalami. Ba tura shi ake yi ba, bin sa ake yi, inda ya tsaya nan ne iyaka. Mahaifar wata ta karkata gaba, ta wata ta kwanta baya, ta mai shayarwa kuwa laushi gare ta kamar wannan gwandar. Duk wadda na huda, ni ke cinye ta. Na ci gwanda a shekarar nan har ta fita daga raina. Amma zuwa yau, alhamdulillahi, ban taɓa huda mahaifar kowa ba.

Robar kanta ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Fara ce mai hannu biyu, an naɗe ta da jan ƙarfe, ga zare a gindinta, kuma takan kai shekara goma tana aiki. Ina ajiye ɗaya a aljihu don nunawa, da ɗan gora a kan tebur. Wata mata daga Malam Madori ta taɓa ce mini, "Malama, ni fa an ce tafiya take yi a ciki har ta kai zuciya." Na jefa robar cikin goran, na miƙa mata, na ce ta fito da ita ta wani wuri ban da baki. Ta girgiza, ta juya, ta sake girgizawa, sai ta fashe da dariya. Na ce, "To, ƙofar da za ta iya bi ke nan, wadda ta shiga ta ita." Bayanin rabin awa bai kai goran nan aiki ba.

Zare kuwa, nan ne sabon hannu ke yin kuskure. Kina ganin in kin yanke shi gajere mai gida ba zai ji ba. Akasin haka ne: gajere shi ke miƙewa tsaye, dogo kuwa yakan yi laushi ya naɗe. Ta farko da na saka da hannuna, matar ta dawo bayan mako, ta zauna, ta kafa ido a rufin ɗaki, ta ce, "Baban su Sani ya ce a tambaye ki, ko ƙaya kika manta a ciki?" Tun daga ranar nake barin faɗin yatsa biyu.

Abu ɗaya ne na Sista Falmata ban gane ba a lokacin. Da zarar watan Sha'aban ya tsaya, sai ta rage saka roba. Mace ta zo nema, sai ta ce, "Ga ƙwaya ki riƙa sha, ki dawo bayan Sallah." Ba ta faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba. Na ɗauka tsufa ne da shirin azumi. Littafinmu bai ce komai a kan wata ba. Cewa ya yi a tabbatar babu ciki, babu ciwon sanyi, shi ke nan.

Da Sista ta yi ritaya aka ba ni wani ƙaramin asibiti a gefen Auyo, sai na ce ni kam babu watan da zan rage aiki. Shekarar kuwa azumi ya faɗo tsakiyar damina.

Saura kwana goma a kama azumi Furera ta zo, daga wani ƙauye can cikin fadama. Mijinta, Malam Idi, manomin shinkafa mai taɓa kamun kifi, shi ya kawo ta da kansa a babur. Haihuwarta shida, biyun ƙarshe da tiyata, ta ƙarshen wata shida da suka wuce. Likitan da ya yi mata aikin ya rubuta a katinta, ya kuma faɗa musu da baki: kada ta ɗauki ciki kafin shekara biyu, domin ɗinkin mahaifar yana iya fashewa. Na jera musu hanyoyin da ake da su. Malam Idi ya ce, "Malama, allura sai an dawo duk wata uku, mu kuwa in ruwa ya zo hanya ba tamu ba ce. A yi mata mai daɗewa." Furera ta juya robar a tafin hannunta, ta ce, "In na gaji da ita fa?" Na ce, "Ranar da kike so, zan cire." Na gaya mata jini zai ƙaru a watannin farko, ta ce to. Na saka. Aiki ya yi kyau, zare faɗin yatsa biyu.

Ranar sha biyu ga azumi ta dawo, rabin hanya a kwalekwale, rabi a babur, zaninta jiƙe har gwiwa. Ko goyon ba ta sauke ba ta ce, "Malama, a cire."

"Zauna tukuna. Me ya faru?"

"Yau azumi sha biyu, huɗu na samu. Jini ya zo ya wuce kwanakinsa. Ya ɗauke, in yi wanka in ɗauki azumi, azahar ta yi ya dawo. Ni yanzu ban san matsayina ba, mai sallah ce ko marar sallah. Na bara ma ban gama ramawa ba saboda laulayi. Gida kaf ana azumi, ni ina laɓewa bayan rumbu in sha ruwa kamar ɓarauniya."

Na duba ta. Roba tana mazauninta, babu zazzaɓi, babu alamar ciwo. A ilmin aiki babu dalilin cirewa ko ɗaya, ga kuma katin likita a gabana. Na ce, "Ki yi haƙuri wata uku, zai daidaita."

"Wata uku? Azumin zai tsaya ya jira ni?"

"Ɗinkin cikinki ma ba zai jira ba, Furera."

"Malama, da bakinki kika ce ranar da nake so."

"Na faɗa. Amma ba yau ba."

Na ba ta maganin rage jini. Ta karɓa da hannu biyu, ta gyara goyo, ta ce, "Allah ya ba da lada," ta fita. Duk abin da na gaya mata game da jikinta gaskiya ne, kuma ko yau haka zan faɗa. Kuskuren yana cikin "ba yau ba". Bayan kwana uku kogi ya cika ya tumbatsa, hanyarsu ta yanke.

Sai bayan babbar Sallah, da ruwa ya ja, muka samu shiga ƙauyen don rigakafin yara. Mata sun fito da 'ya'yansu, layi har bakin masallaci. Amma bayan zanar da nake zama don masu son maganar tazarar haihuwa, ko mace ɗaya ba ta leƙo ba. Can sai ga wata tsohuwa da sanda, Iya Kande, ungozomar garin. Ta zauna a tabarmata ba tare da an ce ta zauna ba.

"Ke ce mai gura?"

"Wace gura, Iya?"

"Ta kamun kifi mana. Shiga da daɗi, fita babu. Sunan da matan garin nan suka sa wa robarki ke nan." Ta ɗaga yatsa biyu. "Abin da kika ƙi yi da ƙarafunanki faranti guda, da waɗannan na yi shi. Kuma na wanke hannu da sabulu, kar ki ce ban wanke ba."

Ashe kwana biyu da komawarta gida Furera ta je wurin Iya, Iya ta lalubo zaren ta ja. Allah ya kiyaye robar ta fito lafiya. Na tambaya ko Furera tana shan wani abu a madadinta. Iya ta ce, "Me za ta sha? Ruwan kogi?" Na aika a kira mini Furera, in ba ta ko ƙwaya ce. Aka dawo aka ce ta gode, tana shanyar shinkafa. Na bar ƙwayar a hannun Iya. Daga baya na ji ko ledar ba a buɗe ba, domin daga hannuna ta fito.

A makon nan na je Haɗeja gidan Sista Falmata. Na same ta a tsakar gida tana gyaran zogale, na ba ta labari tun daga farko. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Da kin zaci lalaci ne ke hana ni aiki a Sha'aban?"

"Haka na zata, Sista. Littafi bai faɗa ba."

"Littafi ba ya azumi." Ta ci gaba da tsinke ganyenta. "Wannan ƙaramin kuskure ne. Babban shi ne na biyu. Wadda ta ce a cire, ki cire, ki ba ta wani abu ta riƙe. Mahaifarta ce. In kika hana ta ƙofa, za ta fita ta katanga, kuma ba za ta sake bi ta layinku ba."

Ita ta tura ni wurin wata malamar Islamiyya a unguwarsu. Malamar ta bayyana mini abin da ya kamata in sani tun farko: mace mai kwanakin al'ada sanannu, in jini ya zarce, takan ƙara kwana uku, abin da ya wuce nan jinin ciwo ne, ta yi wanka ta yi sallarta da azuminta. Ni ba malamar addini ba ce, ba na ba da fatawa. Amma da na san wannan a ranar, da na san inda zan tura Furera, da wataƙila ba ta rasa rabin abin da ta rasa ba.

Bayan wata biyu Iya Kande da kanta ta kawo ta asibiti. Furera ta zauna a bakin gado tana kallon ƙasa. Gwaji ya nuna ciki. Na ƙirga watanni da yatsu, na sake ƙirgawa: haihuwar za ta faɗo cikin damina mai zuwa, daidai lokacin da hanya ke yankewa. Mahaifa mai ɗinki biyu, na ƙarshen bai shekara ba, a garin da sai kwalekwale. In naƙuda ta kama ta a gida ɗinkin ya buɗe, ba za ta iso ko Auyo ba.

Ban yi mata faɗa ba, domin ba ni da bakin yi. Na ce, "Furera, na yi miki alkawari na saɓa. Wannan laifina ne. Yanzu ga abin da ke gabanmu." Na bayyana mata a fili: awo kowane wata, maganin ƙarin jini, sannan da ciki ya cika wata takwas ta bar ƙauye ta koma Haɗeja kusa da babban asibiti, a yi mata aiki kafin naƙuda ta fara. Furera ta kalli Iya. Iya ta ce, "Wannan karon gaskiya ta faɗa."

Awon bai ba da wahala ba, Iya ke raka ta. Wahalar tana wurin Malam Idi. Da lokaci ya yi ni da Iya muka same shi a bakin gona, ruwa ya fara kwanciya a fadama, yana cikin laka har ƙwauri.

"Malama, wata guda cur a Haɗeja? Ga aikin shinkafa, ga yara shida. Wa zai riƙe gidan? A bari naƙuda ta fara, ni da kaina zan tuƙo ta."

"Malam, in ta fara, lokaci ya riga ya ƙure."

"Sauran ai a gida suka fara."

Iya Kande ta buga sandarta a kan kunyar gona. "Idi, ni na yanke maka cibiya, saboda haka buɗe kunnenka. Haihuwa huɗu na karɓar mata, ban taɓa cewa a kai ta ko'ina ba sai da ta gagara. Wannan ba tawa ba ce. In abin nan ya yage a ciki, ba ni da allura da zaren da za su ɗinke shi, kuma ba komar kamun kifi ba ce da za ka zauna ka gyara. Yaran a kawo mini. Shinkafa in ta lalace, baɗi ma shekara ce."

Ya goge laka a hannu. Sannan ya ce, "To, Iya." Washegari ya kai ta gidan gwaggonsa a Haɗeja. Kwana shida bayan haka ruwa ya rufe hanya.

An yi aikin a ranar da aka sa, cikin azumi. Mace aka samu. Likitan ya gaya mini tsohon ɗinkin ya yi siriri kamar ɓawon albasa, ana hango gashin jaririyar ta cikinsa. Awa guda ta naƙuda da ta isa ta yage shi.

Tun daga shekarar nan nake aiki da kalanda biyu da babu su a littafinku: ta wata da ta kogi. Mace ta zo neman roba a Rajab ko Sha'aban, ba na hana ta, amma ina gaya mata ƙarara cewa jinin watannin farko zai iya cin mata azumi, ta zaɓa: yanzu ko bayan Sallah. Ina tambayar garinsu, in san ko za ta iya dawowa dubawa kafin ruwa ya rufe. Kuma duk wadda ta ce a cire, ko don tana son haihuwa ne, ko don jini, ko don dalilin da ba ta ga damar faɗa ba, safar hannu nake fara sawa, magana ta biyo baya. Yanzu azumi ya matso cikin rani, shi ya sa ba ku ga irin wannan ba. Amma kowace shekara yana ja da baya. Zai sake faɗowa damina, kuma a lokacin ku ne a kan kujerar nan.

Furera ta yi arba'in a Haɗeja, bayan ƙaramar Sallah. A hanyarta ta komawa gida ta tsaya a asibitina, ta ce in mayar mata da robar, tunda yanzu azumi da nisa. Na saka. Ba ta tambaye ni komai ba, ni ma ban yi sabon alkawari ba, domin na san darajar alkawarina a wurinta.

Bayan wata uku, ranar kasuwa, sai ga ta da jaririya a baya. Ta tsaya a bakin ƙofa kamar wancan karon.

"Malama, a cire."

Kati ɗaya ne, ɗinki yanzu uku. Na ce, "Hau gado." Na wanke hannu, na sa safa, na buɗe faranti, na ɗauko bakin agwagwa da hantsaki. Na ce, "In na cire, kafin ki fita za mu yi maganar abin da za ki riƙe a madadinta. Gyara kwanciya."

Ta kwanta, tana bin hannuna da ido har na kunna tocila. Sai ta tashi zaune ta ja zaninta, tana dariya har jaririyar ta farka.

"Bar robar, Malama, lafiyarta ƙalau. Jinin ma ya daidaita. Gwada ki na zo yi."

"Gwaji?"

"Leƙa waje."

Na ɗaga labule. Mata huɗu daga garinsu zaune a gindin darbejiya da kwandunan kasuwa, Iya Kande a tsakiyarsu da sandarta. Furera ta leƙa ta taga ta ɗaga murya: "Ta sa safa! Har ta kunna tocila!"

Iya Kande ta miƙe da ƙyar, ta zunguri ta kusa da ita da sanda. "To, tashi ki shiga. Gurar ta yi ƙofa."

Kayan da na buɗe sun riga sun sha iska. Na mayar da su tukunya, na jira ta tafasa, na fara ƙirga ashirin daga farko.